Farin Idon Golanmu

Har yau idan na ji ana gardama a rediyo kan ko a ci gaba da wasannin ƙwallo ko a dakata saboda wata annoba, kashe rediyon nake yi. Ba wai na fi masu gardamar sani ba ne. Wallahi ban sani ba, kuma rashin sanin ne yake ba ni haushi. Na taɓa zama a ɗakin da aka yi irin wannan gardamar, na fito ban san ɓangaren da na bi ba.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Aiki dai a baki, don gaskiyar magana ƙwallo ce ta kai ni. A lokacin kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai suna da gasarsu ta shekara-shekara, kuma kowane manaja burinsa ya ga kofi a kan kantar ofishinsa. Saboda haka duk wanda ƙafarsa ta iya ƙwallo sai a ɗauke shi aiki, a ajiye shi a sito yana korar ƙuda, bayan azahar ya wuce fili. Haka nake, haka yawancinmu suke. Baya nake bugawa, lamba biyar, kuma da wannan lambar kowa yake kirana.

Golanmu kaɗai ne ba haka ba. Mutumin Filato ne, dogo, marar yawan magana, yana zaune a Panshekara da matarsa da ƙaramar 'yarsu. Shi lebura ya shigo, na wucin gadi, wanda za a iya cewa ya tafi gida yau ba tare da an ba shi dalili ba. Aikinsa a ramukan jiƙa fata yake, inda ake tsoma ƙiraga cikin ruwan magani don gashi ya zube. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin ramin nan ba bai san wari ba. Safar hannun da ake ba su ba ta jimawa take yagewa, ruwan ya shiga ya yi ta cin fata. Hannayensa duk sun tsattsage, wasu faratan sun ɓare. Da waɗannan hannayen yake kama ƙwallo, kuma ban taɓa ganin mai kamu irin nasa ba. In ya tashi sama sai ka ce an ɗaga shi da igiya.

Tsohon golanmu ne ya karye a hannu, aka rasa yadda za a yi, wani ya ce akwai wani dogo a rami da yake tsare raga a unguwarsu. Aka gwada shi, shi ke nan. Bayan wasanninsa na farko manaja ya zo fili da kansa, ya dafa kafaɗarsa a gabanmu duka ya ce, "Ka tsare mana ragar nan har ƙarshen kaka, ni kuma in tabbatar da kai a aiki, in fitar da kai daga rami in kai ka sito." Gola ya rusuna ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Tun daga ranar ba shi da wata magana sai ƙarshen kaka. Ina tsokanarsa ina cewa, "Gola, in ka zo sito me za ka yi da hannun nan? Ai sai ka koyi zaman banza irin namu." Sai ya yi dariya ya ce, "Lamba Biyar, 'yata ce ba ta yarda in ɗauke ta, wai ina wari. Zaman banzan nake so."

Muna dab da ƙarshen kakar, mu da wani kamfanin saƙa na Bompai muna kankankan a sama, sai Afolo ya shigo gari. Ciwon ido ne, wanda tsofaffi suke cewa tun da Turawa suka je wata suka kwaso mana shi. Ido ya yi jajir, ya kumbura, ya yi ta ruwa, da safe kwantsa ta liƙe shi sai an sa ruwan ɗumi. Rediyo ta ce ba mu kaɗai ba ne, ya zagaye ƙasashe da yawa. A motar kamfani da ke kwaso ma'aikata daga Ɗorayi, yau ka ga mutum biyu da baƙin tabarau, jibi ka ga rabin mota. Kuma kowa ya yarda da abu ɗaya: da kallo ake ɗauka. In ka haɗa ido da mai Afolo, ka kamu. Mutane suka koma gaisawa suna kallon ƙasa, kamar kowa ya haɗu da surukinsa.

Sai aka kira taron kwamitin gasa a wani ofis a Sharada. Kocinmu ya ce in raka shi tunda kyaftin ɗinmu yana gida ido a kumbure. Kai, ban taɓa ganin taro irin wannan ba! Mutum wajen ashirin a ɗaki, ba mai kallon wani. Mai magana yana kallon silin, masu sauraro suna kallon takalmansu. Wakilin wani kamfanin roba ya ce a dakatar da gasa, lafiya ta fi kofi. Na ji maganarsa ta shige ni. Wakilin 'yan Bompai ya miƙe ya ce in an dakatar, manajoji za su tambayi me 'yan ƙwallo suke yi a sito, a sallame su. Wannan ma ta shige ni, don ni ake nufi. Wani ya ce a yi wasa amma ba 'yan kallo, wani ya ce filin da ba katanga wa zai hana mutane tsayawa? Aka ce to 'yan kallo su sa tabarau. Aka ce 'yan wasa fa? Wani dattijo ya ce su ma su sa. Koci ya ce, "Haba Alhaji, ku yi haƙuri, wa ya taɓa sa wa ƙwallo kai da gilashi a fuska?"

An gayyato malamin asibitin wani kamfani don ya yi mana bayani. Ya ce shi a saninsa ba da kallo ake ɗauka ba, da hannu ne da tsumma da ruwan wanke fuska. To amma shi kansa da baƙin tabarau ya zo, hawaye yana bin kumatunsa. Wani ya ce, "Malam, in kun san hanyar, ku ta ina ya bi ya same ku?" Ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Aka yi dariya, maganarsa ta bi iska.

Da aka ce masu son a dakata su ɗaga hannu, na tuna idon kyaftin, na ɗaga. Da aka ce masu son a ci gaba su ɗaga, na tuna Gola da raminsa, na sake ɗagawa. Koci ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kai wane irin mutum ne?" Na ce ni ma ban sani ba. Masu son a ci gaba suka yi rinjaye, amma da sharaɗi: kafin kowane wasa alƙali zai duba idon kowane ɗan wasa, duk wanda aka ga ja a idonsa ba zai shiga fili ba. Kowa ya ce madalla, an samo mafita.

Bari in faɗi yadda ake duban nan, don har yanzu in na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Mukan jeru a tsakiyar fili, mu da abokan karawa. Alƙalin wasa ya zo da baƙin tabarau, don kada ya haɗa ido da mai ciwo. To ta cikin baƙin gilashi yaya za a gane ja? Sai ya matso dab da fuskarka, ya sa babban yatsa ya ja fatar idonka ƙasa, ya leƙa, ya wuce kan na gaba da wannan yatsan. Haka zai bi mu ɗaya bayan ɗaya har ya gama. A hutun rabin lokaci kuma bokitinmu ɗaya, soso ɗaya, kowa ya tsoma ya matse a fuska ya miƙa wa na kusa. Amma fa muna miƙawa muna kau da kai, don kada mu haɗa ido. Mu a ganinmu mun kai ƙarshe a taka-tsantsan.

Kowane mako sai an cire mutum biyu ko uku a layi. Ƙungiyoyi suka riƙa cike gurbi da duk wanda aka samu, har wani direban babbar mota mai tumbi ya taɓa buga mana gefe. Ni na kamu na warke a tsakanin wasa biyu, don ciwon ba ya daɗewa, in ka yi haƙuri da kansa yake tafiya. Gola kuwa shiru, idonsa fari tas. Har na fara cewa warin rami ne yake korar masa cutar.

Wasa ɗaya ya rage, mu da 'yan Bompai, ranar Asabar, wanda ya ci ya ɗauki kofi. A tsakiyar makon Gola ya zo atisaye da tabarau.

Na ce, "Gola, me zan gani haka?"

Ya ce, "Rana ce ta yi yawa."

Na ce, "Cire in gani." Ya ƙi. Na sa hannu na zare. Idanun nan biyu kamar an zuba musu barkono. Na manta ma da batun haɗa ido, na tsaya ina kallonsa.

Muka je wurin koci. Koci ya ce doka ce, ba yadda zai yi. Gola ya ce a tambayi manaja ko alkawarin yana nan in bai buga na ƙarshe ba. Koci ya je ya dawo ya ce manaja ya ce shi ƙarshen kaka ya ce, kuma bai ga abin da ba a gane ba a cikin maganar. Raina ya ɓaci, na ce zan shiga ofishin da kaina. Gola ya riƙe min riga ya ce, "Kada ka ɓata naka. Zuwa Asabar zai yi fari."

Daga nan kowa ya zama likita. Wannan ya ce ruwan sukari, wancan ya ce ruwan albasa, mai sayar mana da abinci a bakin ƙofa ta ce nonon mai shayarwa, wani ya ce kwalli, wani ya ce fitsarin safe. Ni ma na ce ruwan gishiri mai ɗumi, don shi na yi amfani da shi, ko da yake ban san ko shi ya warkar da ni ba. Gola yana jin kowa yana gyaɗa kai. Ranar Juma'a na gan shi, jan ya ɗan ragu amma ko makaho ya san yana nan.

Ranar Asabar da hantsi na isa fili da wuri. Ban daɗe ba sai ga wani a kan babur daga kwamiti. Ya ce an ɗage wasa sai abin da hali ya yi, don alƙalin da mataimakansa duk sun kamu, 'yan Bompai kuma ba su da mutanen da za su cika fili. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na ce yau Allah ya duba Gola, kafin a sa wata rana ya warke sarai. Ina shirin hawa keke in tafi Panshekara in yi masa albishir sai na hango shi yana tahowa, jakarsa a kafaɗa, yana tafiya a ɗan karkace.

Tun daga nesa nake ɗaga masa murya, "An ɗage! Gola, an ɗage!" Kamar bai ji ba. Da ya iso ya cire tabarau da kansa, yana murmushi, gumi yana zuba a fuskarsa, ya ce, "Lamba Biyar, duba na hagu. Ya yi fari ko?"

Ya yi fari. Amma ba farin ido ba ne. Babu ja ko kaɗan, babu ko jijiyoyin nan ƙanana, kuma baƙin tsakiyar ya yi hazo-hazo kamar idon dafaffen kifi. Na ce, "Me ka sa?" Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu. Ruwan batir ne, wanda aka tsiyayo daga batirin mota. Wani ya ce masa ɗigo kaɗan yana wanke ja nan take. Ya ce da safen nan ya gwada a ido ɗaya, zafin ya kayar da shi ƙasa, shi ya sa ya bari sai ya zo fili in riƙe shi a sa a na daman.

Innalillahi! Na fizge kwalbar na yi jifa da ita. Na kama kansa na danna cikin bokitin nan namu ina ta kwara masa ruwa, ina zaginsa, ina zagin kwamiti, ina zagin wanda ya ƙirƙiro ƙwallo. Shi kuwa abin da yake ta tambaya shi ne, "Da gaske an ɗage? Zuwa yaushe?" Muka sa shi a motar kamfani zuwa asibitin ido a cikin gari. Likita ya duba ya ce na dama zai warke da kansa, da ma ba abin da yake buƙata. Na hagu kuwa sai dai a yi addu'a. Na sha tambayar Gola wanda ya ba shi ruwan nan, har ya bar duniya bai faɗa min ba. Ya ce mutumin da kyakkyawar niyya ya ba shi.

Da na je duba shi a gida, matarsa ta kawo min ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, an ce kana wurin da aka yanke maganar. Kai me ka ce, a yi ko a bari?" Na ce, "Uwargida, duka biyun na ce." Ta dube ni, ta ɗauki kofinta ta shige ciki.

To ni har gobe a nan nake tsaye. Da an dakatar tun farko, da ba a yi layin duba ido ba, da idonsa yana nan, amma da wataƙila an sallame mu duka kuma shi yana rami. Da an ci gaba ba tare da wata doka ba, da ya buga da jan idonsa ya warke. Dokar da aka kafa don lafiyarmu ita ce ta sa shi neman farin ido ko ta halin ƙaƙa. Kuma ɗagewar da ta zo don lafiyarmu, da ta zo kwana ɗaya kafin nan da ta cece shi. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban samu inda zan kama ba.

Bayan 'yan makonni Afolo ya wuce kamar ba a yi ba, kowa ya ajiye tabarau, aka sa ranar wasa. Gola ya zo ya ce shi zai tsaya a raga. Koci ya ce, "Ɗana, ka rufa wa kanka asiri." Gola ya ce, "Koci, ku dai ku bar ni. Ƙarshen kaka aka ce, ba a ce sai na ci kofi ba." Koci ya dube mu, muka sunkuyar da kai, ya ba shi riga.

Ba wanda ya tuna ya soke dokar duba ido, saboda haka muka sake jeruwa. Alƙali ya zo kan Gola, ya ja fatar idon hagu, ya tsaya. Ya janye hannunsa. Ya waiwayi koci, ya sake duban idon, sannan ya ce a hankali, "Babu ja." Ya wuce.

Kafin a busa usur Gola ya kira ni ya ce, "Ka tsaya min a hagu. In ta taho ta can ka yi min magana." Na ce to. Na bar wurina, na bar mutumin da aka ce in tsare, na koma na liƙe a gefensa. Amma ƙwallo ba ta jiran magana. Ta farko da aka ɗago, ya tashi yadda ya saba, ya buɗe hannayen nan, ta wuce ta gabansu da tazarar taku guda. Bai ma san ta shiga ba sai da ya ji ihu. 'Yan Bompai ba su daɗe ba suka gane, suka koma bugowa ta gefe ɗaya. Ina ihu "Ga ta nan!", ina tarewa da kai, da ƙirji, da fuska, amma na daina sanin ko nawa aka ci mu. Can wajen ƙarshe har ihun ya mutu. Ɗan gabansu ya samu ƙwallo shi da Gola, ya tsaya, ya buga ta waje da gangan, ba kuma wanda ya ce masa don me. A hutun rabin lokaci koci ya so ya canza shi, Gola ya riƙe ƙarfen raga ya ƙi saki. Yana nan tsaye har aka busa tashi.

Ranar Litinin ya sa rigarsa ta zuwa coci ya shiga ofishin manaja. Ina jiransa a waje. Bai daɗe ba ya fito. Na ce, "Yaya?" Ya ce manaja ya yi masa sannu sosai, ya ce ya ji tausayinsa, amma gurbin sito na golan ƙungiya ne, kuma ƙungiya za ta nemi gola kafin kaka mai zuwa. Ya ce amma ba za a sallame shi ba, zai iya ci gaba da aikinsa. Na yi tsalle zan shiga, ya sake riƙe min riga kamar wancan karon. Ya ninke rigar cocin ya sa a jaka, ya nufi wajen ramuka.

Da aka busa jiniyar tashi na tsaya a bakin ƙofa har ya fito, hannayensa suna ɗigar ruwa, shi kaɗai da baƙin tabarau a cikin ma'aikatan nan duka. Waɗanda ba su sani ba suna kau da kai in ya matso. Na bi shi muka fita titi, inda manyan motocin ɗaukar fata suke wucewa a guje. Za mu tsallaka sai ya tsaya, ya lalubo hannun rigata, ya ja ni ya zagayo da ni ɗaya gefen.

Ya ce, "Lamba Biyar, tsaya min a hagu."